Ku Tambaya Mu Amsa: Na dawo tuƙi bayan shekara 3, kuɗin inshora ya ninka min sau 5

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikacin gwamnati ne, a Kubwa nake zaune. Tun ƙarshen 2021 na ajiye tuƙi saboda aikin ido da aka min, daga baya kuma aka cire tallafin mai sai na ƙara jingine motar gaba ɗaya na koma bin motar haya. Yanzu alhamdulillahi idon ya warke, na kai motar Apo kanikawa sun tashe ta, shi ne na koma wajen masu inshora, abin da na saba biya dubu 90 a shekara wai yanzu dubu 450, kuma ragin da suke min da saboda ban taɓa kawo musu ƙorafin a biya ni wata asara ba sun ce ya wuce. Corolla ce fa tsohuwa da na saya miliyan 3. Don Allah hukunta ni ake don na daɗe ban tuƙa ba ko kuwa cuta ce kawai? Wani abokin aikina ya ce in ba shi dubu 5 ya kawo min takarda in huta. Daga Baban Khadija, Kubwa, Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam Baban Khadija, Allah ya ƙara lafiya ya kiyaye gaba. Gaskiya na ji maka, don mutum ya gama da kanikawa, ya sayi batir da tayoyi, aljihu ya riga ya yi sanyi sannan a ce masa dubu 450, dole ransa ya ɓaci. Amma hutun da ka yi ba shi ne babban mai laifi ba, rabonsa a cikin wannan kuɗin kaɗan ne. Abin da ya faru shi ne kana gida kana jinya kasuwar ta sauya a bayan idonka.

Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta fito da sabon farashi. Inshorar dole, wadda ake ce wa tad-fati, ta tashi daga dubu 5 zuwa dubu 15 ga motar gida, abin da za ta biya in ka lalata dukiyar wani shi ma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ita kuwa cikakkiyar inshora irin taka, wadda ke ɗaukar har da taka motar, hukumar ta ce kada kamfani ya karɓi ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar, kuma wannan bayan an cire duk wani ragi ne. To yi lissafin da kanka, dubu 90 a kan miliyan 3 kashi 3 ke nan kake biya da, yanzu wannan ƙofar an rufe ta. Sai kuma aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta yi sama, motoci da kayan gyaransu suka bi ta, kai da ka fito daga Apo kwanan nan ba sai na gaya maka nawa ake sayar da fitila ko bamba ba. Dubu 450 da suka ce maka tana nufin sun yi wa motarka kuɗi miliyan 9. Kai kana kallonta a matsayin tsohuwar Corolla ta miliyan 3, su kuma suna kallon abin da za su fitar in aka sace ta gobe a fakin ɗin masallacin Juma'a.

Maganar ragin rashin kawo ƙorafi kuwa, nan ne kawai hutunka ya taɓa ka. Wannan ragin ana tara shi ne shekara bayan shekara in inshorar ba ta yanke ba, in ta yanke ya rage ga kamfani. A Ingila abin ya fi zafi nesa ba kusa ba, can yawancin kamfanoni in ka yi shekara 2 ba ka da inshora da sunanka sukan share ragin ka koma kamar sabon direba, kuma su farashinsu a kan mutum yake, shekarunka da unguwarka da tarihin tuƙinka. Mu a nan motar ake yi wa kuɗi fiye da mai ita. Duk da haka ka nemo tsofaffin takardunka ka koma da su, ka nemi ganin wani babba ba yaron da ke zaune a kanta ba, ka nuna musu dalilin yankewar lalura ce, in ma kuɗin da suka yanka ya ɗara kashi 5 za su iya sauko maka zuwa nan, ƙasa da nan ne dai doka ta ɗaure musu hannu.

Inda za ka iya yin ciniki na gaske shi ne darajar motar. Ka zagaya wajen dillalai biyu ko uku ka ji nawa irin taka take tafiya yau, shekararta da lafiyarta, in miliyan 7 ce ka tsaya a kan miliyan 7, ka ga kuɗin ya dawo dubu 350. Amma don Allah kar wani ya ruɗe ka ka rubuta miliyan 3 don ka biya dubu 150. Na ga wannan da idona, wani maƙwabcina a Lugbe ya rage wa motarsa daraja da rabi, ranar da wata tifa ta goge masa gefe a hanyar filin jirgi ya zo da takardar kanikawa yana murna, aka ce masa rabin daraja ka yi wa inshora rabin gyara za ka samu, ya zauna a kan benci a ƙofar ofishin riƙe da fayil ɗinsa ya rasa ta cewa. Ƙa'idarsu ce, tana nan rubuce cikin ƙananan rubutun da ba ma karantawa, tare da wani kaso da kai ne za ka fara biya daga aljihunka a kowane gyara, shi ma ka tambaya nawa ne kafin ka sa hannu.

In kuma ko dubu 350 ɗin ta fi ƙarfinka, babu kunya, ka tambaye su mai tsaka-tsaki wadda ke haɗa tad-fati da gobara da sata, ko ka yi ta dubu 15 ɗin ta gaskiya ka hau titi da kwanciyar hankali, in hali ya samu ka ƙara. Sai dai ni shawarata ga wanda ya yi shekara 3 bai riƙe sitiyari ba kuma zai faɗa titin Kubwa da ƙarfe 7 na safe, shekarar farko ita ce ta fi buƙatar cikakkiyar, hannu sai ya ɗan ɗau lokaci kafin ya dawo, lissafin tazara da birki duk sai a hankali.

Shi kuwa abokin aikinka mai takardar dubu 5, ka ce masa ka gode. Babu kamfanin da ke da lasisi da zai sayar maka da inshorar motar gida a dubu 5 a yau, takarda ce kawai aka buga a shagon kwamfuta. Tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa lamba a kan tad-fati a duk ƙasa, kuma ana duba lambar mota ne a rumbun bayanan inshora na ƙasa, wato NIID, kai ma za ka iya dubawa da wayarka ta *565*11#, in motarka ba ta fito ba to ba ka da komai. Kuma ni ba kamun ne ya fi damuna ba, ranar da tsautsayi ya sa ka daki bayan wata jif a Wuse ko Maitama, ko Allah ya kiyaye ka buge ɗan mutane, wannan takardar ba za ta biya ko sisi ba, gidanka da albashinka ne za su amsa. Sannan ka duba lasisinka na tuƙi, shekara 3 ko 5 yake yi, akwai yiwuwar naka ya mutu kana jinya, kuma kamfani na iya ƙin biya in hatsari ya same ka da mataccen lasisi. Ka sabunta shi tukuna, dama akwai gwajin ido a ciki.

TAMBAYA: Salam. Tun da maigidana ya rasu motarsa ke ajiye, shekara 2 ke nan, yanzu ina so in riƙa kai yara makaranta da ita. Amma zuciyata ba ta kwanta da inshora ba saboda maganar riba. Akwai mafita? Daga Maman Sadiq, Gwarinpa.

AMSA: Allah ya jiƙansa da rahama ya raya abin da ya bari, Hajiya. Akwai mafita, ita ce takaful, kuma NAICOM ɗin ce ke ba su lasisi, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Tsarin na taimakon juna ne, kuɗin da kowa ya zuba yana shiga asusu ɗaya a matsayin gudummawa, wanda asara ta samu a biya shi daga ciki, akwai malaman da ke sa ido, in an samu rara a ƙarshen shekara akan raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Takardarsu tana aiki a hanya kamar kowacce, sai dai kar ki sa ran za ta fi araha sosai, farashin hukuma ɗaya ne. Abin da zan roƙe ki shi ne kafin komai a gama maganar gado a kan motar, in ta faɗo rabonki ko na yara a je ofishin VIO da ke Mabushi a sauya sunan mai ita, sannan a yi inshorar da sabon sunan, don in takardu na ɗauke da sunan marigayi ranar biya za a sha wahala. Ki kuma sa bakanike ya duba tayoyi da birki kafin ki ɗauki yaran, taya da ta yi shekara 2 a tsaye a rana tana tsattsagewa ko da zanenta bai cinye ba.