Likita, wai maganin mahaukata aka ba ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni matar aure ce, yarana huɗu. Kusan wata bakwai kenan kaina na ciwo kamar an ɗora min dutse, zuciyata na bugawa fat-fat ko ina zaune, wani lokacin inji abu na yawo a jikina kamar kiyashi. Sau uku ana min maganin taifot da maleriya ba sauƙi. Satin da ya wuce naje babban asibitin garinmu na samu wani likita, ya auna jinina yasa akai min gwaji yace babu komai, sai ya koma tambayata wai ina barci, ina yawan kuka, ya zaman gida. Wallahi ban san sanda hawaye suka zubo min ba. Ya rubuta min amitriptyline yace insha da dare in dawo bayan sati biyu. Da Abban yara yaje kemis siyowa sai mai kemis yace masa ai wannan maganin masu taɓin hankali ne, shine ya hana ni sha, Hajiyarsa kuma tace iska ce a kai ni ruƙiyya. Dan Allah Likita na haukace ne ban sani ba?
Maman yara huɗu, daga Funtua

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya baki lafiya. Baki haukace ba, kuma wannan likitan da yasa ki kuka, a ganina shine na farko da ya duba ki da gaske cikin wata bakwai ɗin nan.

Kinga a ɗakin ganin likita da wuya mace ta zauna tace "ina cikin damuwa". Abinda muke ji kullum shine kaina, ƙirjina, zafi a tsakar ka, jikina ya mutu, ba na iya cin abinci. Jiki ne yake faɗin abinda baki ya kasa. Shi yasa likitan iyali yake fara wa ta jikin, ya auna hawan jini, ya duba ƙarancin jini da suga, in da hali ya duba maƙoƙo, wato thyroid ɗin da ke wuya, domin in ya cika aiki yana kawo faɗuwar gaba da rama da rashin barci sak irin na mai fargaba. In waɗannan sun fito lafiya sai a juyo kan zuciya. Tambayoyin da ya miki ba shisshigi bane, akwai ma takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9 da likitoci ke bi, amma ginshiƙinsu biyu ne: shin ranki a ɓace yake kusan kullum, kuma shin abubuwan da kike jin daɗinsu da, hira da maƙwabta, zuwa biki, wasa da yara, sun fita ranki? In haka ya kai sati biyu a jere har yana taɓa girki da hidimar gida, toh ciwon damuwa muke kiransa, ciwo ne mai magani kamar hawan jini.

Batun mai kemis kuwa, raina ya ɓaci da na karanta. Amitriptyline tsohon magani ne, muna ba masu ciwon suga da ƙafarsu ke zugi, muna ba masu ciwon ɓarin kai, muna kuma ba masu damuwa musamman wanda barci ya gagara domin yana sa barci. Sai dai ki san halinsa tun yanzu kar ki tsorata. Kwanakin farko zaki ji baki na bushewa, ki tashi da safe jiki a mace, wata ma bayan gida ya mata tauri ko taji jiri in ta miƙe da sauri, duk wannan yakan lafa. Barci kan fara gyaruwa da wuri, amma sauƙin zuciyar sai an yi sati biyu zuwa huɗu, wani har shida, kuma nan ne mutane da yawa suke yar da shi suce bai karɓe su ba. In kuma kin ji garau kar ki tsaya, ana ci gaba aƙalla wata shida sannan likita ya rage miki a hankali. Ba ya kama mutum irin kamun tiramol ko kodin ko baliyam. In kina shayarwa, ko da juna biyu, ko an taɓa ce miki kina da ciwon zuciya, ki faɗa masa, akwai wasu magungunan da zai iya dubawa. Kuma dan Allah ki ɓoye shi inda hannun yara bai kaiwa, shansa da yawa haɗari ne sosai.

Amma ƙwaya kaɗai ba ta gama aikin. Sati biyun da yace ki dawo, zama ne zai yi dake a lalubo abinda ke cin ki, ko kuɗi ne, ko kishiya, ko rasuwa, ko gajiyar yara huɗu ba mai taimako, a ɗauki ɗaya a ga ta ina za a ɓullo masa. Zai ce ki dinga fita ko zagayen unguwa ne, ki koma islamiyya, ki samu wadda kika yarda da ita ki dinga amayar mata da cikinki. In ciwon bai yi nisa ba ma wannan kaɗai ake yi ba tare da ƙwaya ba.

Wannan duk aikinsa ne, ba ƙetare iyaka yayi ba. Tun 1991 Najeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko, a 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don koya wa likitoci da nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci wannan aikin, saboda ƙwararrun fannin sun yi kaɗan, ba kowa za a ɗauka daga ƙauye zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato ko Dawanau a Kano ba. Can ana tura wanda yake jin muryoyi, ko ya kwana uku ba barci yana surutu da ɓarnar kuɗi, ko wanda magani ya ƙi karɓa. In kuma tunanin gara ki mutu ki huta yana zuwa miki, kar ki jira sati biyun, ki koma yau ki faɗa masa kai tsaye, ba zai zage ki ba.

Ita Hajiya kar ki yi musu da ita, uwa ce, tsoro take ji miki. Ki karɓi addu'a da tofi, ki riƙe azkar ɗinki, ba su hana shan magani. Abinda ban yarda dashi ba shine duka ko ɗauri ko turaren barkono da sunan fitar da aljani.

Ranar komawa ki roƙi Abban yara ya raka ki ya ji daga bakin likitan da kansa, ki tafi da katinki da duk kwalayen maganin taifot ɗin da kika sha a leda.