Hukuncin Mace Ta Shugabanci Kwamitin Lafiyar Al'umma

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. An zaɓe ni in shugabanci kwamitin lafiya na yankinmu. Yawancinmu mata ne, sai maza kaɗan. Muna shiga gida-gida muna wayar da kan mata a kan awon ciki, riga-kafi da shayarwa, kuma ni ce mai kai kukan jama'a gaban hukuma idan asibiti ba magani ko ba ungozoma. Maigidana ya amince. Sai wani ɗan'uwa ya ce in sauka, domin hadisi ya ce mutanen da suka damƙa al'amarinsu ga mace ba za su rabauta ba. Shin ina cikin saɓo? Kuma alawus ɗin da ake ba mu halal ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yar'uwa, ba kya cikin saɓo. Aikin ya halatta, kuma inda babu mai yin sa sai ku, ya shiga farillar da idan kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Hadisin da ɗan'uwan ya kawo ingantacce ne, Bukhari ya ruwaito shi daga Abu Bakrata. Annabi (SAW) ya faɗe shi ne da labari ya iso masa cewa mutanen Farisa sun naɗa 'yar sarkinsu Kisra sarauta. A kansa malamai suka gina cewa mace ba ta riƙe babban shugabancin al'umma, kuma mafi yawansu sun haɗa da alƙalanci, ko da yake Abu Hanifa ya yarda ta yi hukunci a abin da ake karɓar shaidarta a cikinsa, an kuma ruwaito wa Ɗabari halacci gaba ɗaya. To idan a alƙalanci ma an yi saɓani, ina ga kwamitin da ba ya yanke wa kowa hukunci, ba ya tsare kowa, aikinsa shawara da bibiya? Malaman fiƙihu sun halatta mace ta zama wasiyyiya a kan dukiyar marayu, ta zama wakiliya, ta kula da waƙafi. Sayyidina Umar da kansa ya rubuta cewa 'yarsa Hafsa ce za ta jiɓinci waƙafinsa muddin tana raye. Akwai labarin da ake yawan kawowa cewa ya ɗora Shifa'u 'yar Abdullahi a kan kasuwar Madina. Ibnul Arabi ya ce bai inganta ba, don haka ba mu kafa hujja da shi, kuma ba mu buƙatarsa.

Fagen jinya kuwa mata sun daɗe a cikinsa. Rufaida tana da tanti a masallacin Annabi (SAW) inda take kula da masu rauni, can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Handaƙ. Muslim ya ruwaito Ummu Aɗiyya tana cewa ta fita yaƙi bakwai tare da Annabi (SAW), tana yi wa masu rauni magani tana jinyar marasa lafiya. Kai kuka gaban shugaba ma haka: Suratul Mujadala ta sauka ne a kan macen da ta tsaya tana kai ƙara, kuma Bukhari ya ruwaito mata sun ce wa Annabi (SAW) maza sun rinjaye su a wurinsa, ya ware musu rana, ya kuma ware. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, wato mata malamai, suna jagorantar 'yan taru, ɗalibai mata daga ƙauyuka, don koyon addini, tana zaune tsakanin manyan malamai ba su hana ba. Muryar mace ba al'aura ba ce. Abin da aya ta 32 a Suratul Ahzab ta hana shi ne lanƙwasa murya.

Sharuɗɗan da aka saba faɗa kin san su: suturar da shari'a ta gindaya, kada ki keɓe da namiji ajnabi ko da da sunan taro, kada haƙƙin miji da 'ya'ya ya tozarta. Idan horo ya kai ga tafiyar kwana, ki tafi da muharrami, domin sassaucin tafiya cikin amintacciyar tawaga ba muharrami da Malikiyya da Shafi'iyya suka yi asalinsa a hajjin farilla ne. Mazan da ke kwamitin babu laifi su zauna ƙarƙashin jagorancinki a taro na fili.

Inda muka fi ji miki tsoro shi ne wajen ilimi, domin nan ne irin wannan aiki ya fi lalacewa. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, to shi ne mai ɗaukar lamuni. Mace idan ta zama shugaba, maƙwabta kan mayar da ita likita ba tare da ta nema ba. Yau a ce ta rubuta maganin zazzaɓi, gobe a ce ta yi allura, jibi a kira ta karɓar haihuwa. Duk abin da ba a horar da ke a kai ba haramun ne ki taɓa shi, ko da niyyarki taimako ce. Abin da ke kanki shi ne ki gane alamar haɗari ki tura asibiti ba jinkiri. Ga mai ciki: zubar jini ko yaya yake, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba naƙuda, daina jin motsin ɗa, ko naƙudar da ta wuce awa 12. Doguwar naƙuda ce ke jawo mafi yawan yoyon fitsari, domin kan ɗa yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har naman wurin ya mutu. Jinin bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Wanda ya san haka ba zai ce a jira gari ya waye ba.

Ko abu mai sauƙi kamar ruwan gishiri da sukari sai an kiyaye ma'auni: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan gishiri ya yi yawa yana cutar da yaro, idan sukari ya yi yawa gudawar ƙaruwa take yi. Na ƙunshi da ake bayarwa a asibiti ya fi, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, kuma wanda aka dama ya kwana ya wuni a zubar. Shugabar da ta bar mambobinta suna koyar da wannan da ka, kowa da nata awo, tana da kaso a cikin abin da ya biyo baya. Ki riƙa tara su gaban ma'aikaciyar lafiya, kowacce ta dama a gani da ido.

Akwai wata mas'ala da za ki yi ta karo da ita: matar da haɗari ya same ta mijinta ba ya nan, ta ce ba za ta fita ba sai da izini. Ki sanar da ita cewa ceton rai lalura ce, fitarta zuwa asibiti a wannan hali ba saɓo ba ne, kuma miji ba shi da ikon hana abin da rashinsa zai halaka ta. Amma kada a bari sai ranar. Tun cikin yana ƙarami a samu mazan kwamitin ko limami su zauna da maigida, ya ba da izini a gaban shaida cewa ko ba ya nan a kai ta, a san motar da za a kira da dare, a ajiye kuɗin hanya, a san ɗan'uwan da zai iya ba da jini. Sau da yawa jinkirin da ke kashe masu haihuwa a nan yake faruwa, wajen yanke shawara da neman abin hawa, tun ba a isa gaban ungozoma ba. Wannan ma yana cikin amfanin zaman maza a kwamitinku, don akwai maganar da magidanci ya fi jin ta daga bakin ɗan'uwansa namiji.

Sai amanar gidajen mutane. Ki yi sallama sau uku, in ba a ba ki izini ba ki koma, kamar yadda hadisin Abu Musa ya koyar. Abin da kika gani a ɗaki, ko cutar da aka faɗa miki, ko talaucin da kika tarar, ba na hira ba ne, ko da da mijinki. Hoton mara lafiya ba ya halatta a ɗauka ko a tura wa masu ba da tallafi sai da yardarta, bayan an bayyana mata inda za a kai shi. Idan za ki kai kuka gaban hukuma, ki tafi da rubutaccen bayani na gaskiya: wace rana aka je ba ma'aikaci, wane magani ya yanke, tun yaushe. Kada ki ƙara gishiri don a tausaya, kada ki ambaci sunan mara lafiya, kada ki zargi ma'aikaci da abin da ba ki tabbatar ba.

Alawus halal ne, ladan aiki ne kamar kowace ijara, kuma ba ya rage ladan Lahira idan niyya ta gyaru. Sharaɗinsa a yi aikin da aka biya dominsa. Cika takarda da sunayen gidajen da ba a shiga ba, ko shafa wa yaro tawada a yatsa alhali ba a ɗiga masa riga-kafi ba, ƙarya ce da cin haram, kuma illarta ta wuce nan, domin hukuma za ta ɗauka an kare yaran unguwar alhali a buɗe suke ga cuta. Gidan sauro da magungunan da aka ba ki don rabawa ba naki ba ne, ba kya sayarwa, ba kya fifita dangi. Kyautar da wani ya ba ki saboda kujerar, ki tuna hadisin Ibnul Lutbiyya a Bukhari da Muslim, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wani kaso kyauta aka ba shi, sai Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa. Kuɗin kwamiti kada ya kwana a hannunki ke kaɗai: a naɗa ma'aji, a rubuta shiga da fita, mutum biyu su sa hannu, a karanta wa mambobi a kowane zama.

Shi kuwa ɗan'uwan da ya yi miki nasiha, ki gode masa, ki isar masa da wannan bayani cikin ladabi. Idan yana da sauran shubuha, ya rubuto mana. Wallahu a'alam.