Tambayoyin Masu Karatu: Mubtada'i da Maudu'i, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai?

Tambaya: Na fara karatun mandiƙi, wato ilimin auna hujja, a zaure, sai na ji malam yana kiran ɓangarorin jimla maudu'i da mahmuli, alhali a nahawu mun san su da mubtada'i da habari. Shin ba abu ɗaya ba ne aka sauya wa suna? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malam, Allah Ya ƙara basira. Wannan tambaya taka ta haura shekara dubu, domin a kan irinta aka yi muƙabala a Bagadaza a shekarar 932, gaban waziri Ibnul Furat. Masanin mandiƙi Abu Bishr Matta ya ce mandiƙi ma'ana yake aunawa, kuma ma'ana ɗaya ce a wurin kowace al'umma, kamar yadda huɗu da huɗu suke takwas ko'ina. Malamin nahawu Abu Sa'id Sirafi ya mayar masa da cewa mandiƙin nasa nahawun Girkanci ne kawai aka yi wa rawani.

A ganina kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya, amma sunayen biyu ba ɗaya ba ne. Mai nahawu lafazi yake dubawa: idan aka ce "ƙama Zaidun", wato Zaidu ya tashi, zai ce fi'ili ne da fa'ili, wato aikatau da mai aikatawa, babu mubtada'i, sunan da ake fara jimla da shi. Mai mandiƙi kuwa zai ce Zaidu ne maudu'i, tunda a kansa aka yanke hukunci, tashin kuma shi ne mahmuli, abin da aka ɗora masa. Haka nan umarni da tambaya ba sa zama ƙadiyya, wato zance mai ɗauke da hukunci, a wurinsa, saboda ba a ce musu gaskiya ko ƙarya.

Akwai kuma ɓangare na uku, rabiɗa, igiyar da ke ɗaure biyun. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya lura cewa Girkanci da Farisanci suna da kalma ta musamman don wannan aiki, amma Balarabe yakan ce "Zaidun alimun", wato Zaidu malami ne, ba tare da ita ba, shi ya sa masu mandiƙi suka ari "huwa", wato "shi", suka sa ta a gurbin. Bahaushe bai sha wannan wahala ba, domin a "Audu malami ne" da "Kande malama ce" ga rabiɗar nan a fili.

Malaman Turai masu rubutu da Latin sun matsa gaba da wata tambaya: a cikin jimla, kalma a madadin me take tsayawa? William na Ockham, wanda ya rasu a 1347, ya rarrabe hanya uku. A "mutum yana gudu", kalmar tana madadin wani ɗan Adam mai jini da tsoka; a "mutum nau'i ne", tana madadin ma'anar da ke cikin zuciya; a "mutum gaɓa biyu ce", ita kanta kalmar ake nufi. Wanda ya cakuɗa su zai iya kafa hujja cewa Audu mutum ne, mutum kuma gaɓa biyu ce, saboda haka wannan bawan Allah da ke zaune kan buzu gaɓa biyu ne, kuma mai nahawu ba zai sami kuskure ko ɗaya a irabin jimlolin, wato tsarinsu na nahawu, ba.