Shin firiza na kashe tsutsar da ke cikin naman daji?

Tambaya: Likita, an kawo mana naman daji daga ƙasar waje, ya yi makonni a firiza. Wani ya ce irin wannan nama yakan zo da tsutsa. Ashe sanyi bai isa ya kashe ta ba?

Amsa: Malam, wanda ya faɗa maka haka ya yi gaskiya. Sunan tsutsar Tirikinela. 'Ya'yanta kan nannaɗe cikin tsokar dabbobin da ke cin nama ko mushe, irin su aladen daji, beyar (wata ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi) da kada. Ido ba ya ganinsu. Naman za ka gan shi jawur, babu wari, babu alamar komai.

Sanyi yana kashe nau'in da ke jikin aladen gida, in yankan ba mai kauri ba ne kuma ya kwana 20 a digiri 15 ƙasa da sifili. Amma nau'in da ke jikin namun dajin ƙasashen ƙanƙara ko gezau ba ya yi. A 2022 wasu dangi a Amurka suka gasa naman beyar da aka harbo a Kanada, bayan ya kwana 45 a firiza. Mutum shida suka kamu, biyu daga cikinsu ma kayan lambun da aka gasa tare da naman kawai suka ci. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin wuƙa da katakon yanka ma suna iya ɗaukar ta.

Zuwa daga waje ma ba shaidar lafiya ba ce. A 1985 naman dokin da aka shigar Faransa ya kwantar da mutum fiye da dubu.

Ciwon kan fara da gudawa da murɗawar ciki cikin kwana ɗaya ko biyu. Bayan makonni biyu zuwa takwas, lokacin da tsutsar ta kutsa tsoka, sai zazzaɓi, ciwon jiki da kumburin fatar ido. Wani lokaci takan taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Wanda ya ga haka ya garzaya asibiti, ya kuma faɗa wa likita naman da ya ci. Maganin tsutsa mai suna Albendazol ya fi aiki idan an fara shi da wuri.

Ƙyafewa, shanyawa da barbaɗa gishiri duk ba abin dogaro ba ne. Ka dafa naman har tsakiyarsa ta kai digiri 74, ka auna da ma'aunin zafi, domin naman daji yana da duhu, launinsa ba ya nuna ya dahu.