Kafin ka sake girka Ubuntu a sabar bayanai

Malam, ka tambaya ko za a iya sake girka Ubuntu (tsarin Linux da ke tafiyar da kwamfuta) a sabar PostgreSQL (manhajar rumbun bayanai) ta kamfaninku ba tare da bayanai sun salwanta ba. Ana iyawa, amma kada ka taɓa komai sai ka kwashe su da umarnin pg_dumpall, mai kwashe dukkan rumbunan bayanai, domin pg_dump kaɗai, mai kwashe rumbu guda, ba ya ɗauko masu amfani da kalmomin sirrinsu. Ka kwafi fayilolin saiti postgresql.conf da pg_hba.conf, suna ƙarƙashin foldar /etc, su aka fi mantawa.

Sannan ka zuba ajiyar a wata kwamfuta, ka ga ta tashi da idonka. RAID, wato haɗa faifan kwamfuta da yawa su yi aiki tare, ba ajiya ba ne, ko da wani ya rantse maka.

Ni nan Maradi daren Asabar nake wannan aiki, janareta a kunne, don an taɓa ɗauke mini wuta ina tsaka da shi.