Boxer 150 zai iya bin ayarin kai sadaka zuwa Aburi? Ga amsa

Wa'alaikumus salam, ɗan uwa. Ka ce an gayyace ka tafiyar ayarin babura ranar Asabar, daga unguwar Nima ta Accra zuwa wani gidan marayu da ke gaba da garin Aburi, a saman dutse, kuma ba ka taɓa shiga irinta ba. Kana tambaya ko babur ɗinka Boxer 150 zai iya, me za ka shirya, kuma ko za ka iya goya ƙanenka.

Moton ka zai iya, wannan ba abin damuwa ba ne. Tafiyar ba ta kai kilomita 50 ba, kuma ayarin sadaka da aka tsara da hankali ba ya wuce gudun 50 zuwa 60. Abin da zai ba ka wahala shi ne hannunka. Wanda ya koyi tuƙi tsakanin Nima da mahaɗar Circle ya saba da kutsawa: ya ga 'yar kafa tsakanin trotro (ƙaramar bas ta haya) da tasi ya shige, ya taka birki ba sanarwa, ya kauce wa rami ba tare da ya waiwaya ba. Wannan dabara tana fisshe ka idan kai kaɗai ne. A cikin ayari kuwa ita ce ke kayar da mutane, domin akwai wani a bayanka da wani a gefenka, kowa ya dogara da cewa za ka zauna inda aka ajiye ka.

Ga yadda ake jeruwa. Ayari yana cin layi ɗaya ne na titi, ba biyu ba. Jagora yana ɓangaren hagu na layin, na biyu yana dama a ɗan bayansa, na uku ya koma hagu, haka har ƙarshe. Tsakaninka da wanda ke gabanka sak, daƙiƙa biyu. Tsakaninka da na gefen gaba, daƙiƙa ɗaya. Kada ka auna da ido, ido yana ruɗi. Zaɓi falwaya ko allon talla, idan na gabanka ya wuce ta ka ƙirga a ranka "dubu da ɗaya, dubu da biyu". In ka iso kafin ka gama, ka matse shi. A gudun 60, daƙiƙa biyu mita 33 ce, wato ta fi abin da yawancinmu muke bari nesa ba kusa ba. Kada ka taɓa jerawa kafaɗa da kafaɗa da wani don ku yi hira, saboda rabin layin da ke gefenka shi ne wurin gudunka idan rami ko akuya suka fito. Kuma ba a wuce juna a cikin ayari, ko da na gabanka yana tafiya kamar hawainiya.

Tunda sabo ne kai, ka nemi a sa ka a gaba, na biyu ko na uku bayan jagora. Mutane suna ɗauka baya ya fi sauƙi, alhali can ne wutar take. Idan jagora ya tashi daga danja ya kai 50, na biyu sai ya yi 55 ya kamo shi, na goma sai ya yi 80. Kafin ya iso kuma na gaba sun rage gudu saboda tudun kan titi, sai ya zo ya tarar da jan fitila a gabansa. Karo a irin wannan tafiya yakan fito daga nan. Shi ya sa masu tsari suke raba babura talatin zuwa rukuni biyar ko shida, kowane da jagoransa da mai rufe baya. Idan ka je wurin haɗuwa ka ga babu wannan rabo, babu wanda ya tsaya ya yi bayanin hanya da wuraren tsayawa, to ka san wane irin taro ka shiga, ka ƙara tazara.

Danja za ta raba ku, tun daga mahaɗar 37 har Madina da Adenta, babu makawa. In ta kama ka, ka tsaya. Kada ka bi na gabanka ka keta ja don tsoron a bar ka. Ayari mai hankali yana da wurin sake haɗuwa, galibi wani gidan mai bayan Adenta ko Oyarifa. Ja ba ta zama kore sai ɗan sanda yana tsaye a mahaɗar yana ba da hannu. Samarin da ke gittar da babur su tare motoci don ayari ya wuce ba su da wannan iko, kuma direban da ya taho da korensa bai san da zamanku ba. Dokar taron jama'a ta 1994 ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin irin wannan jerin gwano. Ka tambayi masu shiryawa ko sun yi, ba rashin kunya ba ne.

Alamun hannu kaɗan ne, da hagu ake yinsu tunda dama tana kan totur. Yatsa ɗaya sama: a koma layi ɗaya. Yatsu biyu: a koma jerin farko. Tafin hannu yana danna ƙasa: a rage gudu. Rami a hagu ana nuna shi da hannu, na dama da ƙafa. Duk alamar da ka gani ka maimaita ta don na bayanka, in ba haka ba ta mutu a wurinka. Wasu ƙungiyoyin suna da nasu bambancin, ka saurara da safe.

Wurin da nake so ka fi mai da hankali shi ne dutsen, daga tsohon tol na Ayi Mensah zuwa Peduase. Nan jerin hagu da dama ya ƙare, kowa ya bi bayan kowa, a kuma ƙara tazara, domin a kwana kana buƙatar faɗin layin gaba ɗaya. Safiyar Asabar hanyar cike take da masu motsa jiki, rukuni rukuni, wasu da abin sauraro a kunne, suna sauka kan kwalta ba tare da sun duba ba. Bayan ruwan sama kuma tsakuwa da duwatsu suna gangarowa daga jikin dutsen. Hawa ba matsala ba ne: ka sauko giya ta uku ko ta biyu kafin injin ya fara shaƙewa, ba bayan ya fara ba. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a tsakiyarta ba, ka kuma kalli inda kake son zuwa. Wanda ya ƙura wa ƙarfen gefen titi ido, can babur ɗinsa zai kai shi.

Saukowa ce ke da haɗari, ga gajiya ga cikakken ciki. Kada ka sa fri, kada ka kashe inji don tsimin mai. Birkin yawancin Boxer na ganga ne, idan ka ɗora ƙafa a kansa tun daga Peduase zai yi zafi, ya fara sakewa, ka taka har ƙasa ka ji babur yana ci gaba da tafiya. Ka bar shi a giyar da ka hau da ita, injin ya riƙe ka, birki kuma ka kama ka saki, gaba da baya tare. Mu 'yan gari mun saba tsoron birkin gaba, alhali shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa. Matse shi ake yi a hankali, ba fizga ba.

Game da ƙanenka, shawarata a'a, ba a wannan karon ba. Goyo yana ƙara nisan tsayawa, yana sauƙaƙa gaban babur a hawa, kuma wanda bai saba ba yakan miƙe zaune a tsakiyar kwana daidai lokacin da kake kwantawa. Ka samar masa wuri a motar kaya. In ya zama dole, to da hular kwanonsa, a ƙara iskar tayar baya, a kuma ƙara ƙarfin shokobzoba da mataki ɗaya ko biyu.

Ka kai wa fita, wato makanike, babur ranar Laraba ko Alhamis, ba daren Juma'a ba, domin ka samu kwana ɗaya ka gwada abin da aka taɓa. A duba iskar taya tana sanyi: irin waɗannan babura sukan ɗauki PSI 25 a gaba, 28 a baya, 32 in da goyo, amma ka bi abin da aka rubuta a jikin naka. Mai faci ya auna da ma'auni, ba da bugun yatsa ba. Sarƙa ta yi wasa kamar santimita biyu da rabi zuwa uku a tsakiya, in ta fi haka tana iya zamewa a hawa, in ta ɗaure ƙam tana cin haƙoran sufuroket. A kuma duba baƙin mai, wayar kuloci, wayar totur, fitilar birki, sigina, madubi biyu. Fitilar birkin nan ita ce harshenka da na bayanka, kuma a wasu baburan Zango ba ta kamawa da birkin hannu. Ka riƙe fulogi ɗaya, tib ɗaya da sifana 10, 12, 14 da 17. Takardu: lasisin tuƙi na hukumar DVLA mai ajin A, inshora da sitikar lafiyar babur, duk masu rai. Sadaka ba ta hana MTTD, 'yan sandan kula da hanya, tsayar da kai. Ka zo da tanki cike, ba a jiran mai shan mai.

Sutura: hular kwano mai rufe haɓa, a ɗaure igiyarta, wadda ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya kai ƙasa. Takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu, wando mai kauri. Jallabiya da doguwar riga a naɗe su a jaka, a sa in an isa, domin gefensu yana shiga sarƙa. Ka karya da koko da ƙosai ko wani abu mara nauyi, ka sha ruwan leda a kowane zango ko ba ka jin ƙishi. In wani ya faɗi, na bayansa da mai rufe baya ne ke tsayawa, sauran su wuce zuwa wuri mai faɗi. Kada a cire masa hula sai in numfashi ya tsaya ko yana amai, kada a ɗaga shi zaune. A kira 112 ko 193. A saman dutsen, asibitin Tetteh Quarshie da ke Mampong ya fi kusa da ku.

Sai kayan sadakar. Buhun shinkafa mai kilo 25 ba a ɗaure shi a bayan babur a hau dutse, mota ce ke ɗaukarsa. Kafin a saya a kira gidan a tambaye su abin da suka rasa. Sau da yawa biskit da lemo sun yi musu yawa, abin da suke nema sabulu ne, omo, man gyaɗa, gidan sauro, audugar mata ga 'yan matan da suka tasa, ko kuɗin makaranta da sabunta katin inshorar lafiya. A duba ranar lalacewar madara da gwangwani. A tabbatar gidan yana da rajista da ma'aikatar jin daɗin jama'a. Kuɗin da aka tara ta MoMo, wato turawa ta waya, a rubuta shi, a fito da lissafi bayan an dawo, kuma kuɗin man mahaya da abincinsu kada ya fito daga ciki. Wanda ya ba da zakka ya faɗa tun farko, don a ware ta. Hoton fuskar yara kuma sai da izinin masu kula da su. Ni dai a ganina hoton kayan da na babura ya isa Facebook.

Idan kun shiga harabar, ku kashe inji tun daga ƙofa, ban da murza totur don burge yara. Za su rugo su kewaye baburan, kuma abin da hannunsu da ƙwaurinsu ke fara taɓawa shi ne salansa, wadda ta hau dutse yanzun nan. Ku jera baburan salansa tana fuskantar bango, a bar mutum biyu suna gadi kamar minti talatin har ta huce. Ku yi azahar a can, ku kamo hanya kafin ƙarfe huɗu, saboda hazo yakan sauko a dutsen da yamma, rana kuma tana faɗuwa wajen shida.