Me ya sa ake cewa Gashaka-Gumti ya fi Yankari yawan halittu?

Tambaya: Na je Yankari, na ga giwaye da gwanki da idona. Amma ina jin ana cewa Gashaka-Gumti ya fi shi yawan nau'in dabbobi da tsirrai, alhali wani abokina da ya je can ya ce ya wuni yana tafiya bai ga komai ba sai birai. Ina gaskiyar take? Daga wani mai karatu a Bauchi.

Amsa: Malam, abokinka bai yi ƙarya ba, masu yabon wurin ma haka. Yankari fili ne mai sarari, da rani namun daji duk suna gangarowa kogin Gaji, ka gan su daga mota. Gashaka-Gumti kuwa duwatsu ne da kurmi, dabba za ta gan ka kai ba ka gan ta ba.

Gandun yana tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, a kan iyakar Kamaru. An kafa shi a 1991, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu gandun ƙasa da ya kai shi a Najeriya. Amma ba faɗin ne ya tara masa halittu ba, tudu ne. Daga kwarin da bai kai mita 500 ba, ƙasa tana hawa har ƙolin Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6, ruwan sama kuma ya fi sauka a kudanci inda duwatsu ke tare gajimare. Saboda haka dazuzzuka iri-iri ne aka jera kamar benaye, kowane hawa da mazaunansa.

A arewa, wajen Gumti, dajin da ka sani ne: ciyawa, ɓauna, gwanki, kanki. Ka gangaro bakin koguna a kudu sai ka shiga kurmi mai duhu, inda jan aladen daji da damisa da birai kala-kala suke. A nan ne biri mai ganga yake, wato cimfanzi, kuma irin na wannan yanki a Najeriya da Kamaru kawai ake samunsa a duniya. Yakan bubbuga saiwar manyan bishiyoyi da hannu da ƙafa, sautin ya yi nisa cikin daji. Yakan karyo tsinke, ya zage ganyen, ya zura cikin ramin zuma ko na tururuwa masu cizo, ya zaro ya lashe. Da dare ya lanƙwasa rassa ya yi shimfiɗa a saman bishiya, washegari ya yi sabuwa. Masu bincike sukan ƙirga waɗannan shimfiɗu ne don sanin yawansu, domin ganinsu ido da ido ba abu ne mai sauƙi ba.

Can sama kuma, inda hazo ke kwana, akwai guntayen kurmi maƙale a kwazazzabai, rassansu lulluɓe da gansakuka. Ni a ganina nan ne zuciyar gandun. Tsuntsaye da tsirran da suka saba da sanyin nan ba sa iya sauka cikin zafin kwari, don haka wasunsu ba a samun su sai a jerin duwatsun Najeriya da Kamaru. An lissafa tsuntsaye sama da nau'i 500 a gandun gaba ɗaya. Waɗannan guntayen kurmi ne kuma ke riƙe ruwan damina suna sakinsa a hankali zuwa kogin Taraba, daga nan ya faɗa Binuwai. Manomin rani a bakin Binuwai yana da rabo a kurmin da bai taɓa gani ba.

Abin da ke damuna shi ne wuta. Makiyaya sun daɗe a kan tudun saboda babu ƙudan tsando, kuma suna da matsugunai da aka amince da su a cikin gandun. Amma gobarar da ake cinnawa kowane rani don sabuwar ciyawa tana cin gefen kurmin kaɗan-kaɗan, shanu su tattake 'yan tsiron da za su maye gurbi. Ga mafarauta, ga masu saran madobiya.

In za ka je, ka bari sai rani, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da koguna ke ƙetaruwa. Ka sauka a Serti inda hedikwatar gandun take, ka ɗauki ɗan rakiya daga ma'aikatansu, ka shirya tafiyar ƙafa ta kwanaki, ka riƙa fita da asuba.